Layar da Ke Bayan Kwamfutar Mahmudu

Duk wanda ya zauna a unguwar Yalwa ta Garwa a shekarar da albasa ta yi albarka har aka rasa buhu, ya san Ilyasu masinjan Hajiya Iyatu. In bai san shi da ido ba, ya san shi da kunne, don Ilyasu mutum ne da muryarsa kan riga shi shiga ɗaki. Aikinsa shara da kai takarda da sayo ƙanƙara. Amma in ka tambaye shi a teburin mai shayi, sai ya gyara wuyan riga ya ce, "Ni ai ɓangaren na'ura nake."

Gaskiyar maganar, shekara shida ya yi yana riƙe wa Mahmudu jaka. Mahmudu ne ya kafa wa ofishin Hajiya kwamfutoci uku, ya haɗa su da waya ɗaya, ya koya musu karɓar wasiƙa daga Duwala da Gabon, inda Hajiya ke kai albasarta. Siririn mutum ne mai magana ƙasa-ƙasa. Zazzaɓin kwana huɗu ya tafi da shi a farkon bazara. Hularsa na nan rataye a ƙusa. Kujerarsa mai juyawa na nan a kusurwa, ta ɗan karkata wajen taga, kamar mai ita alwala ya fita. Kowa a ofis kewaye ta yake yi. Ilyasu ne kaɗai ke satar kallon ta, yana auna faɗinta da nasa faɗin.

Ran wata Asabar yana goge ƙura, sai kwamfutar Mahmudu ta fito da wata doguwar tambaya da Faransanci, da gida biyu a ƙasa, ɗaya na e, ɗaya na a'a. Shekara shida Mahmudu na danna a'a. Ilyasu kuwa ɗan gidan tarbiyya ne, ba ya ce wa babba a'a. Ya danna e. Ya zagaya sauran biyun, su ma ya ba su haƙƙinsu. Na'urorin suka shiga gurnani suna sabunta kansu, shi kuma ya kulle ƙofa ya tafi bakin gada cin kifi.

Ran Litinin da safe Madam Agnès, sakatariyar da ta shekara ashirin a Garwa har Hausarta ta nuna, ta kunna kwamfuta ta dafe ƙirji.

"Mon Dieu! Hajiya, zo ki gani!"

Akwatin imel ya zama fili fetal, kamar gonar auduga bayan girbi. Ba wasiƙar jiya, ba ta bara. Sai wasu layuka a buɗe suna jira a gaya musu sunan gidan da wasiƙu ke fitowa, da lambar ƙofarsa, da kalmar sirri. Duk ukun haka. Abubuwan nan kuwa Mahmudu kaɗai ya san su.

Ga kuma motoci uku a ƙofar ofis, an yi musu lodin albasa tun daga kasuwar Pitowa, sun nufi Gabon. Ba za su motsa ba sai da takardar fitar da kaya, wadda wakilin Hajiya na Duwala ya turo ta imel tun Asabar. Madam ta kira shi, aka ce ya tafi ƙauyensu jana'iza, kuma jana'izar Kudu ba ta kwana ɗaya ba ce. Aka waiwayi faks, sai aka tuna Ilyasu ya gyara shi bara.

Hajiya Iyatu ta leƙa waje. Rana ta riga ta fara gasa tamfol. Albasa a zafin Garwa kwana uku take yi wa mutum kara, na huɗu sai ta fara kuka.

"Madam, kira Gaundare a turo mana mai gyara."

"Ba zai iso ba sai Juma'a, Hajiya."

Nan Ilyasu ya jingine tsintsiya.

"Hajiya, ana neman ruwa a Gaundare alhali ga Binuwai a bayan gida? Wannan ai mizajur ce kawai."

"Mece ce?"

"Mizajur. Ciwo ne da kan kama su in sun sabunta. Ni da marigayi mun yi maganinsa ya fi sau ɗari."

"Kai jaka kake riƙewa," in ji Madam.

"To ina ilimin yake, Madam? Ba a cikin jakar yake ba?"

Hajiya ta dube shi daga sama har ƙasa. "Ilyasu, in takardar nan ta fito kafin la'asar ɗin Laraba, kujerar Mahmudu taka ce. In albasata ta ruɓe, da kai da ita mota ɗaya za a kwasa a kai juji."

"Hajiya, ki ce direbobi su tayar da inji."

Ya fara da binciken cuta. Ya dafa bayan kwamfuta kamar mai jin zazzaɓin jariri, ya girgiza kai. "Zafi ne. Wasiƙar Duwala ta saba da sanyin teku, ta iso nan ta suma." Ya jiƙa buhun algarara ya lulluɓe na'urar kamar randa, ya juyo mata fanka biyu. Da Madam ta dawo daga gidan waya ta ga ruwa na ɗiga kusa da soket, ihun da ta yi ya tayar da jemagun dogon yaron ƙofar ofis.

"Kashe mu za ka yi?"

"Madam, ki taɓa ki ji. Ba ta yi sanyi ba?"

"Gawa ma sanyi gare ta!"

Direbobi suka ji hayaniya suka shigo kallo. Babbansu Jibril, ƙaton mutum mai tsinken sakace a baki dare da rana, ya ja benci ya zauna a bakin ƙofa. "Injiniya, ci gaba. Mu dama ba mu da wurin zuwa."

Ilyasu ya bi waya da hannu har ya sami inda ta ƙulle a bayan kabad. Ya ɗaga ta sama kowa ya gani. "Ga ɓarawon! Ta ina wasiƙa za ta wuce a nan? Ko kai Jibril, da tirela za ka iya wannan kwanar?"

"Sai da ribas-ribas," in ji Jibril.

Ilyasu ya zare duk wayoyin ofis, ya fitar da su titi, ya sa 'yan kamasho biyu suka ja kowace har ta miƙe sambal. Ya dawo ya mayar da su, kowace a ramin da ya fi kama da ita. Da aka kunna, firinta ta farka ta shiga aman takardu cike da baƙaƙen da ba na Bature ba, ba na Larabawa ba. Wayar tebur kuwa ta mutu murus.

"Kun gani?" Ilyasu ya ce. "Tsofaffin da suka maƙale ne ke fitowa. Sabuwar na baya."

Ran Talata da hantsi warin ya fara. Ba mai yawa ba, ɗan kaɗan, irin wanda kan sa mutum ya dubi na kusa da shi. Ilyasu ya ce yau sama zai hau, don faifan da ke kan rufi ya juya wa Duwala baya. Ya jingina tsani ya hau. Faifai biyu ya tarar. Ya zaɓi babba, don babban ofis ba ya amfani da ƙarami. Ya rungume shi ya murɗa.

Babban kuwa na mai shayin maƙwabta ne, kuma a lokacin mutum talatin na zaune suna kallon maimaicin wasan ƙwallon jiya, an sa bugun fanareti. Mai bugu ya ja baya, ya taho da gudu, sai hoto ya koma yashi.

Mutum talatin suka fito titi a tare.

"Wane la'ananne ne a sama?"

"Injiniya ne," in ji Jibril. "Ku yi haƙuri, Duwala yake nema."

"Ya sauko mu nuna masa hanya!"

Takalmi na farko ya wuce ta kunnensa. Na biyu bai wuce ba. Ilyasu ya ja da baya, ya taka inda kwano ya ƙare, ya taho da rigarsa a buɗe kamar shamuwa, ya faɗa tsakiyar motar Jibril. Buhun da ya karɓe shi na cikin waɗanda suka fara kuka. Ya miƙe yana ɗiga.

"Da gangan na sauko ta nan," ya ce. "Kayan nake dubawa."

"Yaya ka same su?"

"Suna bukatar tafiya."

Da yamma aka koma kan kalmar sirri. Ilyasu ya ce shi ya san zuciyar marigayi kamar tafin hannunsa. Ya tsaya a gaban kwamfuta, don bai isa zama ba tukuna, ya ɗaga yatsa ɗaya. Ya buga albasa. Ta ƙi. Ya buga sunan Hajiya. Ta ƙi. 'Yan kallo suka fara taimako ta taga.

"Sa kilishi! Marigayi na son kilishi!"

"Sa dorina!"

"Sa useko, wataƙila na'urar Bafillatana ce, godiya take jira!"

A karo na goma kwamfuta ta fito da jan rubutu. Madam ta karanta ta zauna a hankali. "Ta ce kada a sake yi mata magana sai gobe."

"Fushi alamar an kusa ne," in ji Ilyasu.

Safiyar Laraba ƙudaje suka iso, ba a san wanda ya aika musu ba. Hajiya ta zo da gyale a hanci, ta dubi agogo ta dubi Ilyasu. Madam Agnès ta ɗauki jakarta ta ce za ta je gidan Hansai, matar marigayi, da ke cikin takaba, ko Allah zai sa ya taɓa gaya mata wani abu. Ta tare ɗan moto, ta hau bayan babur ɗinsa ta tafi.

Ilyasu ya rage shi kaɗai. Ya durƙusa ya jawo akwatin kwamfutar Mahmudu don ya leƙa bayanta. Nan yatsunsa suka taɓa wani abu. Ɗan ƙunshi ne mai kusurwa huɗu, bai fi akwatin ashana ba, an naɗe shi tam da baƙin salatif, an ɗaure da zare, an manna shi a inda ido ba ya kaiwa.

Ilyasu ya ja da baya. Sannan murmushi ya fara daga kunne ɗaya ya tafi ɗayan.

Ya fito da abin a kan murfin kwano, ya ɗaga sama. "Jama'a! Kwana uku ina faɗa da abin da ba na boko ba ne! Sammu aka yi wa Hajiya!"

Titi ya cika. Hajiya ta leƙa ta ce, "Innalillahi. Wa zai yi mini haka?"

"Hajiya, albasar wa ta fi ta kowa bana? Kina tsammani kowa murna yake?"

A gindin dogon yaron nan akwai Ɗanmalam, tsoho mai karantar da manya bayan asuba, wanda rubutunsa ya yi suna har Marwa saboda kyau. Gare shi Ilyasu ya nufa, jama'a na biye.

"Allah gafarta Malam, a karya mana wannan."

Ɗanmalam ya sa tabarau, ya warware zaren, ya ɓare salatif a natse. Takarda ce 'yar ƙarama, an ninke ta sau takwas. Ya buɗe, ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa.

"Ilyasu, wannan ba laya ba ce. Rubutun boko ne. Ga lambobi ma."

"Allah gafarta Malam, ai nan gizo ke saƙar. Asirin zamani da boko ake yin sa, don kada irinku su gane."

"Ni dai da ka jira Madam ta karanta."

"Madam? A ba mace asiri ta karanta da baki? In ta bushe a tsaye fa?"

Ilyasu shi kansa ya yi aji uku a lakwal, makarantar boko, amma ya ce idonsa ba zai sauka a kan abin ba sai an kashe dafinsa. Ya juya wa Malam baya, ya fuskanci taro, ya shiga ba su labarin wani sammu da ya taɓa tonowa a Tubaro, wanda ya yi tsalle ya ciji jaki. Labarin ya yi tsawo. Ɗanmalam kuwa ya jawo allo da tawada, ya ɗora takardar a gwiwa, yana kallon ta yana jan alƙalami, ba wanda ya kula.

Da jaki ya mutu a labari, Ilyasu ya waiwayo ya fizge takardar. "Tunda Malam na jin nauyi, ni zan yi. A kawo ƙwarya da ruwa!"

Aka kawo. Ya tsoma takardar ya cuɗa. Tawadar biro ba irin ta allo ba ce, ta ƙi fita. Ya sake cuɗawa, ta yi masa ƙememe.

"Kun ga taurin kai? A kawo maburgi!"

Mai fura ta miƙo nata. Ilyasu ya burga har takarda ta zama dusa, ruwa ya yi shuɗi-shuɗi. Ya yayyafa kaɗan a ƙofar ofis, kaɗan a tayoyin Jibril.

"Sauran fa, Injiniya?"

"Sauran maƙiyi zai ga inda ya shiga. Ni asiri ba ya ci na. Kakana da kunama yake karin kumallo."

Ya kafa kai. Maƙogwaronsa na hawa yana sauka, jama'a na kabbara, har ya kife ƙwaryar ya sa yatsa ya lashe dusar da ta maƙale. Ya yi gyatsa mai ƙarfi.

"Hajiya, a je a kunna."

Daidai nan ɗan moto ya ci burki. Madam Agnès ta diro tun bai gama tsayawa ba, fuskarta kamar an yi mata albishir da Makka.

"Hajiya! An samu! Hansai ta ce tun yana asibiti ya bar saƙo, ruɗewa ta sa ta manta. Ya ce komai na rubuce a 'yar takarda a bayan kwamfutarsa. Ya naɗe ta da baƙin salatif saboda gara!"

 Har ƙudaje sai da suka saurara.

Kai talatin suka juya a hankali, suka tsaya a kan cikin Ilyasu.

Jibril ya cire tsinken sakace daga bakinsa, abin da ba a taɓa gani ba. "Madam, kin makara da gyatsa ɗaya."

"Ban gane ba."

"Injiniya ya shanye."

"Ya shanye me?"

"Duka. Da gidan wasiƙun, da lambar ƙofar."

Titi ya fashe. Mai fura ta zauna a ƙasa tana riƙe da ciki. Wani ya ce a sa masa waya a hanci a haɗa da kwamfuta. Wani ya ce a'a, a ba shi man gelo a jira, amma shi ba zai karanta ba. Mai shayi ya ce a girgiza shi, wataƙila fanaretin jiya ma na ciki.

Hajiya Iyatu ba ta yi dariya ba. Ta tako har gabansa. "Ilyasu."

"Na'am, Hajiya."

"Buɗe bakinka."

Ya buɗe. Harshen ya yi shuɗi.

"Jibril, wace mota ce ta fi wari? A ɗora shi a kai."

"Hajiya, bari in yi bayani. A ilimin na'ura, akwai abin da ake kira ajiya ta biyu..."

"Akwai kuwa," in ji wata murya daga gindin bishiya.

Ɗanmalam ne. Ya ɗago allonsa yana hura masa iska don tawada ta bushe. "Ni ba na barin a wanke rubutun da ban san abin da ya ce ba. Wa ya sani ko da sunan Allah a ciki? Na kwafe shi don in nuna wa mai boko. Ban san ko harafi ɗaya ba, amma yadda na gan shi haka na zana, har inda biro ya yi masa tsalle."

Madam ta karɓi allon da hannu biyu. Ta dube shi. Hannun Mahmudu ne sak, da 'yar karkatarsa zuwa hagu, da bakwai ɗinsa mai ɗamara, sai dai yanzu da baƙar tawada a kan itace.

Aka ɗunguma cikin ofis. Jibril ya riƙe allo a ƙirji kamar ɗan makaranta. Madam ta ja kujerarta ta zauna, ta bi layi-layi. Sunan gidan wasiƙu. Lambar ƙofa. Da ta zo kan kalmar sirri sai yatsunta suka tsaya. Fati ce, sunan 'yarsa, da shekarar da aka haife ta.  Fanka kaɗai ke juyawa, tana kaɗa hular da ke jikin ƙusa.

Ta danna.

Kwamfuta ta yi tunani. Sannan ta yi ƙara, ƙil. Ta sake, ƙil, ƙil, ƙil, wasiƙun kwana biyar na shigowa kamar awaki da magariba. Ta Duwala ce ta huɗu. Madam ta zare wayoyin da Ilyasu ya gyara ta mayar da kowace gidanta, firinta ta fitar da takardar tsaf da hatiminta. Ladan bai kira la'asar ba tukuna.

Ilyasu ya yi gyaran murya. Ya fara matsawa wajen kujera mai juyawa, da gefe da gefe.

"Hajiya, kin dai ce in ta fito kafin la'asar. Wa ya gano takardar? Wa ya kai wa Malam?"

Hajiya ta buɗe baki, sai Jibril ya ce, "Madam, akwai saura layi ɗaya a ƙasan allon nan. Shi ba a bugawa?"

Madam ta duba. Ta cije leɓe. "Wannan ba na kwamfuta ba ne. Da Hausa ya rubuta."

"Karanta mana."

Ta karanta da ƙarfi, har na bakin taga suka ji: "In na'ura ta yi tambaya, a ce mata a'a. Kuma don girman Allah kada a bar Ilyasu ya taɓa."

Wannan karon har Hajiya sai da ta nemi bango ta dafa. Da ta samu numfashi ta share ido da gefen gyale ta ce, "To, Ilyasu, alkawari na yi, amma wasiyyar mamaci ta riga shi. Madam, kawo alli." Ta ja layi a ƙasa, taku uku daga kwamfutocin. "Daga nan zuwa ƙofa duk naka ne. Tsintsiyarka ma kada ta tsallaka."

Motoci suka tashi ɗaya bayan ɗaya, buhu goma sha ɗaya kaɗai aka sauke, aka ba Ilyasu aikin tsince su. Jibril ya leƙo ta taga yana wucewa. "Injiniya, in ka ji saƙo ya motsa, ka buga mini waya!"

Da yamma, bayan ya wanke hannu sau uku warin bai fita ba, Ilyasu ya koma ya tsaya a bakin layin alli. Ya miƙa hannu iya tsawonsa, ya ciro hular daga ƙusa, ya kakkaɓe mata ƙura a hankali, ya mayar. Ya ɗan jima a nan. Sannan ya fita teburin mai shayi, inda mutum talatin ke jiran sa da haƙora a waje.

Ya zauna, ya gyara wuyan riga.

"Ku yi dariyarku," ya ce. "Mutum na kan gadon asibiti, ga mata, ga 'ya, ga Hajiya, ga Madam. Duk Garwa, sunan wa ya bari a rubuce?"

"Ai tun kafin asibiti ya rubuta," in ji mai shayi.

"Ka ga ma tun yana da lafiya nake ransa. Zuba mini shayi. Kada ka cika zafi, akwai muhimman takardu a ciki."